Ranar da Tukunya Ta Kore Ni Daga Kicin

Ba zan taɓa mantawa da zuwan surukata gidana na farko ba, ko da zan shekara ɗari a duniya.

Lokacin watana huɗu da aure a Ƙaura Namoda, ina koyarwa a firamare, ina ji da kaina sosai. Cikin kayan ɗakina akwai tukwane biyu da yayata ta aiko daga Kaduna. Ɗaya ta lantarki ce, a zuba nama a jona, ta wuni tana dafa shi a hankali har ya narke. Ɗayar tukunyar firesha ce mai murfin ƙarfe da ake kullewa, a ɗora a gas ta gama cikin abin da bai kai awa ba. Wannan ta biyun ko kwalinta ban buɗe ba (tsoronta nake ji, amma duk wanda ya tambaya sai in ce masa tana kashe ɗanɗanon nama).

Maigida ya ce Inna za ta zo daga Zurmi ranar Laraba, kuma ba kwana za ta yi ba. Dole ta ci abinci ta hau mota kafin la'asar, don ba mai son yamma ta riske shi a wannan hanyar. Farfesun ƙafar saniya take so, ga haƙoranta sun yi rauni. Na ce masa ya bar min komai.

Da safe na wanke ƙafar, na zuba a ta lantarki da citta da masoro da kanumfari, na jona, na tafi makaranta. A ɗakin malamai har cika baki na yi. "Ni da kuke gani zaune, girki nake yi a gida," in ji ni. Wallahi yanzu in na tuna sai in rufe fuska.

Ashe ina fita aka ɗauke wuta. Da na dawo bayan sha biyu, Inna na zaune a kan tabarma a tsakar gida tare da ɗanta. Na durƙusa na gaishe ta, na shige kicin, na buɗe murfi. Ruwa sanyi ƙalau, ƙafar kuwa tauri kamar takalmin roba. In icce zan hura, sai magariba.

Ba yadda na iya, na yage kwalin firesha, na juye naman, na kulle murfi da bisimilla, na sakar mata gas har ƙarshe. Can sai ta fara huci. Hucin ya koma ƙara, wani ɗan ƙarfe a saman murfin yana rawa, tururi na tsartuwa sama.

Ban san lokacin da na fito ba. Ɗankwali ya faɗi a bakin ƙofa, takalmi ɗaya ya tsaya a kicin. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da Inna, sai ga ni durƙushe a bayanta, na riƙe mata zani gam, ina cewa, "Inna, fashewa za ta yi." Maigida ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa na girgiza don dariya.

Inna ta kasa kunne. Ta zare zaninta daga hannuna, ta miƙe, ta shiga kicin. Nan take ƙarar ta lafa.

"Ɗiyata, wagga ba a sakar mata wuta duka," in ji ta. "In ta hwara kuka sai ki rage. Da irinta ƙanwar mijinki ke dahwa mini ganda in na je Gusau. Kuma kar ki taɓa murhin sai ta huce."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma da aka buɗe, nama na zamewa daga ƙashi da kansa. Inna ta ci, ta ƙara, ta sa min albarka, ta samu motarta da sauran rana. Sai da ta bugo waya ta ce ta sauka lafiya na ji numfashina ya dawo daidai.

Yanzu in abokan aiki suka tambaye ni wacce ta fi, gaskiya nake faɗa musu. Ta lantarki ta fi romo mai daɗi, in an bar miki wuta. Firesha ta fi sauri, in kina da zuciya. Wadda kuma ba ta da zuciyar, irina, to ta tabbata surukarta na kusa kafin ta kunna gas.