'Yar Habanar Alhaji Bokiti

Tun da aka kafa garin Yerwa, wato Maiduguri, ba a taɓa yin mutumin da ya san daɗin duniya kamar Alhaji Abdulwahab ba. Wannan magana tabbatacciya ce, don daga bakinsa aka ji ta, kuma ba sau ɗaya ba. Shi ne mai shinshina shayi kafin ya kurɓa, ya lumshe ido, ya faɗi ƙasar da aka tsinko ganyen, ko da mai shayin bakin titi ne ya haɗa. Shi ya fara sa tabarau marar magani a unguwarsu. Ya je Dubai, ya dawo da ra'ayi a kan komai.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Arzikinsa ta bokiti ya zo. Lokacin da ƙungiyoyin agaji suka cika gari, shi ya samu kwangilar kai musu bokitin roba da buta, Allah kuma ya sa wa abin albarka har ya gina bene. Mutanen Maiduguri ba sa manta asalin alheri, sai suka raɗa masa Alhaji Bokiti. Ya nemo digirin girmamawa don a riƙa ce masa Dakta, aka koma Dakta Bokiti. Ya sa aka rubuta cikakken sunansa da ruwan gwal a ƙofar gida, masu keke suka ci gaba da sauke fasinja a Kwanar Bokiti. An ce suna linzami ne. Nasa har da mariƙi ya zo.

Da ya zurfafa nazari, sai ya gano cewa abin da ya raba manyan duniya da masu kuɗi kawai shi ne hayaƙi. Ba hayaƙin sigarin 'yan tasha ba. Wata narkekiyar taba ce mai kaurin ƙaramin rake, naɗin hannu daga ƙasar Kuba, da ɗamarar takarda mai ƙyalli a ƙugunta. Ya sa aka taho masa da ƙwaya ɗaya cikin bututun ƙarfe. Ya sa mata suna 'Yar Habana, da sunan babban birnin Kuba, ya hana kowa a gidan ce mata taba. Da aka gaya masa ba ta son bushewa, sai ya ƙwace randar gidan, ya kwantar da ita a gindinta cikin jiƙaƙƙen buhu. Iyali suka ƙarasa bazara da ruwan ɗumi. Ita dai baƙuwar ba ta yi ƙorafi ba.

Shi Alhaji bai taɓa shan taba ba a rayuwarsa, amma wannan ƙaramin al'amari ne. Mutum na iya zama masanin kogi ƙafarsa ba ta jiƙe ba.

Babbar matsalar ita ce 'yan kallo. Irin wannan taba, idan ba a gan ka da ita ba, ka ƙona kuɗinka ne kawai. Idan kuma wanda bai kamata ba ya gan ka, ka ƙona mutuncinka. A garin nan mutum na iya karɓar kwangilar rijiya, ya ƙi haƙawa, ya ci gaba da tsayuwa a sahun gaba. Amma a ce surukinsa ya gan shi da taba a baki, wannan sai dai ƙaura. Surukin Alhaji kuwa Goni Ba'ana ne na unguwar Shehuri, mahaddaci, mahaifin matarsa Hajiya Kaltum.

Saboda haka ya tace mutane kamar mai tankaɗe. Ya gayyaci Injiniya Pindar, mutumin Marama, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi karatu a Ingila, wanda fastonsu ya gaji da yi masa wa'azi a kan lofe. A majalisarsu, idan Pindar ya ce wane ya waye, magana ta ƙare. Ya gayyaci Babagana dillalin filaye, wanda in ya ji abu da la'asar, kafin isha an ji har a ƙauyen Zabarmari. Sauran baƙin don cika kujeru ne. Lissafin Alhaji a bayyane yake: Pindar ya shaida, Babagana ya yaɗa, a binne bokiti.

Ranar Asabar bayan la'asar aka hallara a tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya. Alhaji ya fito cikin babbar riga mai aiki har ƙasa. Ya sa aka kashe fanka kada ta watsa ƙamshi. Ya datse bakin 'Yar Habana da wani ɗan almakashi na musamman, ya ƙyasta ashana, ya riƙe tabar nesa da fuskarsa kamar mai gasa masara. Ashana ta mutu. Ya ƙyasta wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

"Kawo, Alhaji," in ji Pindar, "kada ashana ta yi tsada a jihar."

Pindar ya sa ta a baki, ya kunna, ya zuƙa a hankali. Ya rufe ido, ya daɗe a wata ƙasa. Ya sake zuƙa. Sai da Alhaji ya yi gyaran murya sannan ya miƙo ta, kamar mai ba da 'yarsa riƙo.

Da ƙaramin mutum ne, da nan take ya kai baki. Alhaji ya san cewa babban abu ba ya tafiya sai da jawabi. Ya ɗaga ta sama tsakanin yatsu biyu.

"Jama'a, abin da kuke gani a hannuna tarihi ne. Mai ƙarfi ce, ba ta yara ba. Hawa uku gare ta. A hawa na farko za ka ji koko na cakulan da gasasshen kofi. A na biyu za ka ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, da fatar sirdi wadda ta sha hannu. Hawa na uku kuwa, ba kowa Allah ya nufa da isa can ba. Ba a gaggawa da ita. Ba shan ta ake yi ba, sauraron ta ake yi."

"Alhaji, ita fatar sirdin, ka taɓa ci ne?" in ji Babagana.

"Babagana, akwai ilimin da ba a auna shi da igiyar fili."

Ya buɗe baki, ya nufo shi da tabar cikin nutsuwa. A daidai nan aka yi sallama a ƙofa, da muryar da babu maigadin da ya isa ya tsayar.

Goni Ba'ana ya je ta'aziyya ne a unguwar, ya ga bai kamata ya wuce ƙofar 'yarsa ba. Tsufa ya ci idonsa, sai dusu-dusu yake gani, amma abin da ido ya rasa hanci ya gada. Kafin ya dogara sandarsa sau biyu, Alhaji ya tuɓe takalmi, ya zube a tsugune, hannun da ke riƙe da tarihi ya shige ƙarƙashin babbar riga ta baya.

Gaisuwar Goni ba ta masu sauri ba ce. "Wushe, wushe," ya ce, aka amsa. Ya tambayi gida. Ya tambayi zafi. Ya tambayi kasuwa, da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da wanda ke makaranta a Kano, da ƙafar da ta taɓa yi wa Alhaji ciwo shekarun baya. Alhaji na amsawa kai a sunkuye. Hayaƙi kuwa, da bai san surukuta ba, ya fara fitowa ta wuyan riga, sannan ta hannun dama, sannan ta hagu.

Goni ya ɗaga hanci. Ya san warin sigarin tasha, amma wannan tsadarta ta kai ta inda ba ta kama da komai.

"Abdulwahab, me ke ƙonewa a gidan nan?"

"Allah gafarta Malam, turare ne. Sabon haɗi ne na Kaltum."

Mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Sai dai Alhaji ya kama ta wajen kaifi. A gidan Goni turaren wuta gado ne. Haɗin kakar Kaltum ake nema idan za a kai amarya a Shehuri, har yau kuma matan gidan da shi suke taƙama. Fuskar tsohon ta canza.

"Wannan? 'Yata ce ta haɗa wannan? A kira min ita."

Hajiya Kaltum ta fito, ta durƙusa, ta gaishe da mahaifinta. Ta dubi mijinta, ta gan shi a tsugune yana tururi ta kafa uku. Idan ta amsa cewa turarenta ne, ta zubar da sunan gidansu a gaban baƙi. Idan ta faɗi gaskiya, ta kashe mijinta a tsugune. Mace ce mai tunani, ba ta daɗe ba.

"Baba, ba turarena ba ne. Magani ne, kunya ce ta hana shi faɗa maka. Basir ne ya matsa masa, aka ba shi hayaƙi."

Babagana ya gyara zama don kada kalma ɗaya ta wuce shi.

"Ayya," in ji Goni, muryarsa ta yi laushi. "Shi ya sa nake jin kana nishi. Ɗana, ciwo ba abin kunya ba ne. Manyan malamai ma sun yi fama da shi. Mu ga maganin."

Ba a hana suruki abin da ya roƙa. Hannu ya fito daga ƙarƙashin riga. Goni ya karɓi 'Yar Habana, ya murje wutar a ƙasa, ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya shinshina, ya girgiza kai. Ko ya gane, ko bai gane ba, Allah ne masani. Fuskarsa dai ta tausayi ce.

"Masu maganin zamani ba su da tsoron Allah. Sun sayar maka, ba su gaya maka yadda ake yi ba. A haka ai hayaƙin ɓata yake yi. Kaltum, kasko da garwashi."

Aka kawo. Goni ya yi bisimilla, ya marmasa 'Yar Habana da yatsunsa kamar mai gyaran kuka, hawa na farko da na biyu da na ukun da ba kowa ke isa ba, ya zuba su gaba ɗaya a kan garwashi. Ɗamarar mai ƙyalli ma ta bi. Ya sallami 'yarsa cikin gida, ya ce wa Alhaji ya sassauta mazagi, ya tsuguna a kan kasko, ya baza riga. Ya roƙi bayin Allah da ke wurin su taimaki ɗan'uwansu, su danne bakin rigar kada iska ta shiga. Pindar ya kama dama, Babagana ya kama hagu. Sauran baƙin, da aka gayyata don cika kujeru, suka samu aikin yi a baya.

Haka mutumin da ya fi kowa sanin daɗin duniya ya zauna kamar tanti, kansa kaɗai a waje, gumi na bin gemunsa. Goni na gefe yana tofa addu'a, jama'a na cewa amin. Idon Pindar ya kawo ruwa, kuma ba hayaƙi ne ya sa ba.

Amma girma ba ya ɓuya. Ko a wannan hali Alhaji ya karkato da kai, ya yi ƙasa da murya.

"Injiniya, ka ji kokon nan kuwa?"

"Ni dai fatar nake ji, Alhaji. Ɗaga kaɗan."

Sai da garwashi ya mutu Goni ya ba da izinin tashi.

Dole a yi wa Alhaji adalci: buƙatarsa ta biya. Babagana ya yi aikinsa, kuma tun daga ranar ba a sake jin Bokiti a bakin kowa ba, don mutanen garin nan ba sa tsokanar marar lafiya. Yanzu "Alhaji, ya jiki?" ake ce masa, cikin murya ƙasa-ƙasa. In ya shiga majalisa a miƙo masa matashi. A wurin walima akan janye yaji daga gabansa ba tare da an ce komai ba. Pindar ma ya ba da shaida. Ya ce tun da yake bai taɓa sa taba mai daɗin wannan a bakinsa ba. Da aka tambaye shi Alhaji fa, ya ce Alhaji ya daure.

Washegari Goni ya aiko a ji ko za a maimaita. Alhaji ya aika da cewa alhamdu lillahi, ya warke sarai, kamar ba a taɓa yi ba. Goni ya yi murna ƙwarai, ya ba abokansa labari bayan sallar magariba. Ashe dattawan Shehuri da yawa suna fama a ɓoye. Aka aiko wa Alhaji cewa a taimaka, kuma ba a hana suruki abin da ya roƙa.

Akwati guda Alhaji ya sa aka kawo daga waje, na katako mai ƙamshi, da hatimin ƙasar Kuba. Yana nan a zauren Goni, kusa da buta. A kan murfin an rubuta da ajami: na basir, rabin kara, safe da yamma.