Rasuwar Meram, Kyamarar Jimet Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Jimet Bishara, direban motar baƙi a gandun dajin Zakuma, mazauna bayan kasuwar Am Timan, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Meram, kyamarar maigidan, wadda ta cika ranar Talata a kan teburin mai gyara a Njamena, bayan doguwar jinya da babu wanda ya san tana yi.

Marigayiyar ta shigo gidan nan shekara shida da suka wuce, ba da ƙuruciya ba. Wani tsohon Bature da Jimet ya yi rani bakwai yana tuƙawa ne ya miƙa masa ita, don hannunsa ya soma rawa, ya san ba zai sake dawowa ba. Baƙa ce, mai nauyin jariri, da dogon gilashi mai tsawon kamu guda. Uwargida Kaltuma ce ta raɗa mata Meram, sunan da ake ba 'ya'yan sarauta, domin ta ce ba ta taɓa ganin baƙuwar da sai an wanke hannu ake gaishe ta ba.

Tare da kyautar, Baturen ya bar wata magana wadda da ya tafi da abarsa da ya fi. Ya ce kowace kyamara an ƙayyade mata yawan ƙiftawar da za ta yi a duniya, ta wannan dubu ɗari da hamsin ce, shi kuma ya cinye dubu casa'in. Da dariya ya faɗa, yana ɗaure takalmi. Jimet bai yi dariya ba. Shi ajali ya ji an ambata, kuma daga ranar bai ƙara danna ta ba sai ya yi shawara da zuciyarsa.

An shaidi Meram da haƙuri da ƙarancin magana. Muryarta ɗaya ce, ƙyat, sannan ta yi shiru har wata guda. Ba ta taɓa korar dabba da hayaniya ba. Tana iya ɗauko gashin idon raƙumin dawa daga can ƙetaren fadama ta ajiye maka a tafin hannu. Wannan dai abin da aka ji daga bakin maigidan ne, don babu wanda ya taɓa leƙa ta ban da shi. Hotunan da ta ɗauka ma ba ya nunawa, wai sai an samu na gaske. Ranar wata Sallah Kaltuma ta sha laffaya da lalle, ta kira shi da sunan 'yarsu, ta ce, "Abu Mariyoma, ɗauke mu ko sau ɗaya mana, a san an yi Sallah a gidan nan." Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ke giwa ce?" Ta ce in giwa ce za ta dafa masa abincin rana, to ya je daji ya jira.

Ya kamata a faɗi abin da yake tara ƙiftawar dominsa, don kada a ɗauka rowa ce kawai. Shekara ashirin da biyu Jimet yana ajiye wa baƙi mota a inda hoto yake. Shi ke sanin a bar rana a bayan kafaɗa, a fuskanci iska don kada dabba ta shaƙi mutum. Shi ke kashe inji, domin rawar mota kaɗan ta isa ta ɓata hoto. Ba ya bin dabba, sai ya je inda za ta zo ya jira, ko da tsando zai cinye masa wuya. In lokaci ya yi ya ce da baƙo a hankali ya nemi ido, in ido ya fito, hoto ya fito. Baƙon ya danna, ya koma ƙasarsu a tafa masa. A bangon ɗakin cin abinci na sansanin da baƙi ke sauka akwai manyan hotuna goma sha huɗu, goma sha ɗaya daga motar Jimet aka ɗauke su, kowanne da sunan wani a ƙasansa. Abin da yake so guda ɗaya ne: hoton da hannunsa ya ɗauka, na babban garken giwaye a fili da 'ya'yansu, abin da sau biyu kacal ya taɓa gani, don giwayen nan sun fi son duhuwa. Shugaban sansani ya yi masa alkawarin in ya kawo, za a rataye da sunansa.

Game da ciwon ajalinta, ga yadda aka fahimta daga baya. In damina ta sauka daji ya cika da ruwa, aka rufe hanya, direbobi suka dawo gida, Jimet yakan naɗe Meram cikin rawaninsa, ya sa ta a ƙasan akwatin ƙarfe na Kaltuma, ya danna kwaɗo. Wata shida take yi a nan, cikin duhu da laima, bangon ɗaki na zufa. Kaltuma kuwa, duk da baƙar maganarta, ba ta yarda baƙuwa ta yi warin damina a ɗakinta ba. Duk Juma'a, in maigida ya tafi masallaci, sai ta buɗe akwatin, ta ɗora naɗin rawanin a kan kabbasa, kwandon turara tufafi, tare da laffayoyinta, ta zuba turaren wuta mai kyau, irin wanda ba ta ba maƙwabta. Ba ta taɓa warware naɗin ba. Karramawa ce take yi.

Rani biyu da suka wuce Jimet ya soma ganin hazo in ya leƙa ta. A daidai lokacin ne kuma likita ya ce masa yanar ido ta fara rufe idonsa na dama, idon da yake leƙawa da shi. Sai ya ɗora laifin duka a kan idonsa. Ya leƙa, hazo. Ya duba hoton a bayanta, hazo. Ya ce a ransa ai Meram na gani tas, shi ne ba ya gani, ya rufe ta ya yi shiru. Da yake mutum ne da ba ya wasa da rayukan da ya ɗauko, bana da kansa ya je ya shaida wa shugaba cewa wannan rani ne na ƙarshe, in an rufe daji zai miƙa makulli.

Ranar ta zo a makon jiya na sama, da hantsi bai gama ɗagawa ba, a fadamar Rigek. Baƙuwa ɗaya ya ɗauko, wata mata mai kyamarori biyu a wuya. Tun asuba ya ga sawun giwaye, ya ƙi bi, ya zagaya ya tsaya a bakin ruwan da ya rage, ya kashe mota. Matar ta yi mita har ta gaji. Sai duhuwa ta tsage, giwaye suka soma fitowa, ba goma ba, ba hamsin ba, har ƙarshen gani, 'yan ƙanana na tuntuɓe a tsakanin ƙafafun iyaye, tsuntsayen jan-baki na tashi a kansu kamar hayaƙi. Ya gyara wa matar matashin da ake ɗora gilashi, ya nuna mata ɗan giwar da ke gaba, sannan a karo na farko a aikinsa ya nemi izinin baƙo. Ta ɗaga masa hannu ba ta ko waiwayo ba. Ya ciro Meram daga ƙarƙashin kujera, ya ɗora a ƙofa, ya riƙe numfashi, ya nemi inda ido ya kamata ya kasance a cikin hazon, ya danna ya ƙi sakewa. Ƙyat-ƙyat-ƙyat-ƙyat. Ba a taɓa jin ta yi surutu haka ba. Ya ce har tausayinta ya ji, amma bai ɗaga yatsa ba.

Ranar hutunsa ya zo gida da sabuwar riga, ya kira 'yarsa Mariyoma, wadda aka ɗora wa rubuta wannan sanarwa, suka tafi shagon kwamfuta na bakin tasha. Ya zauna a benci, ya ce ita ta duba, tunda idonta sabo ne. Hotunan suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, dukkansu kamar an leƙa ta cikin ruwan koko, wasu manyan inuwoyi a tsaye, da wani zare-zare kamar saƙar gizo a kowace kusurwa.

"Ɗan giwar da ke gaba," in ji shi, "idonsa ya fito?"

Ta matso da hoton a fuskar kwamfutar, ta mayar, ta sake matsowa.

"Baba, kai me kake gani?"

"Hazo. Amma ni ai nawa idon ne."

"Ni ma shi nake gani, Baba."

Ya zare kyamarar daga jaka ya miƙa mata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ta leƙa titi. Ta leƙa. Mai shayin da ke tsallake yana tsaye cikin hazo, da rana tsaka.

Motar kayan sansani ce ta kai ta Njamena wurin mai gyara Usta Dahab, wanda ya buɗe ta ya bugo waya. Ya ce funfuna ce, ta yi saiwa a cikin gilasan ta cinye fuskarsu, ta gangara har inda hoto ke sauka, kuma irin kayanta an daina yi. Ya ce duhu da laima ne suka haife ta, maiƙon hayaƙi ya ciyar da ita, ya kuma tambaya ko gidan amarya aka ajiye kyamarar, don shagonsa gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshi. Ya ce da an kawo ta lokacin da hazon ya fara, kafin shayi ya huce ya goge. Ya ce kyamara aiki take so da hasken rana, wadda ake wahalarwa kullum ba ta wannan ciwo. Da Jimet ya tambayi ƙiftawa nawa ta rage mata, Usta ya duba ya ce a shekara shida ɗari uku da 'yan kai aka yi, kusan rabi a rana ɗaya. Ya ce, "Ɗan uwa, sauran sun ishi jikanka."

Kaltuma ta ji komai daga bakin ƙofa. Ta ce ita ta kashe ta. Jimet ya ce a'a, shi ne ya rufe ta. Tun ranar suke wannan gardama, kowa na jan laifin zuwa wajensa, kuma ba a ƙara kunna turare a gidan ba.

Marigayiyar ta bar batir biyu, ɗaya ya kumbura. Igiyar wuya da har yau ke ɗauke da zufar Baturen. Da matashin dawa da Kaltuma ta ɗinka da tsohon wando, wanda ya tallafi gilasan baƙi fiye da yadda ya tallafi nata. Ta bar ɗan littafin bayaninta na Faransanci, wanda Mariyoma ta karanta daga bango zuwa bango shekara uku da suka wuce, saboda ba ta iya ganin rubutu ta ƙyale. A shafi na ɗari biyu da shida an ce kada a ajiye a wuri mai laima, a riƙa fito da ita ana dannawa. Ta gani, ta sa masa alama da tsinke, ta yi ta jiran ranar da za ta iya yi wa mahaifinta gyara a kan Meram. Ba ta faɗa wa kowa wannan ba sai a nan, kuma tana neman afuwa. Marigayiyar ta kuma bar maigidanta da ido ɗaya da rabi, da sauran kwana goma sha tara a bakin aiki. Baƙuwar nan mai kyamarori biyu kuwa ta aiko da nata hoton, ya fito tas, har ana ganin ruwa a gashin idon ɗan giwar. Ta rubuta cewa a gode wa direba, ta manta sunansa.

Gawa za ta iso ranar Alhamis a motar kayan sansani. Ba za a yi mata wanka ba, ta sha laima ya isa. Ba kuma za a naɗe ta ba. Za a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ajiye ta a buɗe, daga nan a mayar da ita wurin Usta Dahab ya cire abin da zai amfani wasu. Akwai shayi da soɓo. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada kowa ya ce da maigidan ai ya gani da idonsa, an riga an faɗa masa sau da yawa, kuma idon ne ke tafiya. Kaltuma da Mariyoma ne za su karɓi gaisuwa. Shi Jimet ba zai samu halarta ba. Yana da baƙi huɗu a ranar, an ce an ga damisa da 'ya'yanta a bakin kogi, kuma sai an samu wanda zai tsayar musu da mota a inda haske yake.