Ranar da Tarakta Ta Bar Ni da Birkinta a Hannu

Ko zan manta da komai na aikina, ba zan taɓa mantawa ba da abin da ya same ni wata Laraba a wani ƙauye kusa da Kuberi, a ƙasar Maiyama. Lokacin watana huɗu da kama aikin koya wa manoma kula da injinan gona, bayan na gama jami'a a Aliero. Ni kaɗai ce mace a ofishinmu, kuma duk garin da aka tura ni sai an leƙa bayana ana neman injiniyan da na rako. Saboda haka na ƙudurta a raina cewa ranar nan sai kowa ya san na yi karatu.

Darasin na gyaran birki ne, kuma taraktar da za mu yi amfani da ita ta Alhaji Bawa ce, shugaban manoman albasa na ƙauyen. Tsohuwa ce tukuf, jan fentinta ya koɗe ya koma kalar tukunya. Tun ranar Talata na je na wuni a kanta tare da Umaru direbanta. Irin waɗannan tsofaffin taraktoci birki biyu gare su, na dama da na hagu, kowanne da sandar ƙarfe da ta tashi daga abin takawa zuwa tayar baya. Muka wanke tsatsa, muka sa giris, muka ɗaure notuna har ɓangarorin biyu suna kamawa tare. Ta yi kyau, wannan kam ba yabon kai ba ne.

Da safe na iso cikin sabuwar rigar aiki a kan hijabina, da sifana a aljihu (har madubi na duba, na ga yadda sifanar ta leƙo). Mutum wajen arba'in sun zauna a tabarmi ƙarƙashin wata tsamiya. Taraktar na tsaye a gabansu, a bayanta kuma filin ya ɗan gangara zuwa fadama, inda aka baza albasar Alhaji tana shan iska.

Abin da na fara gani shi ne wani ƙaton dutse da aka tokare tayar baya da shi. Na ce a ɗauke.

Alhaji Bawa ya ce, "Ɗiyata, ki bar shi nan. Wagga mota ta girme ki hwa, na san halinta."

Na yi murmushin masu ilimi na ce, "Baba Alhaji, ai dalilin zuwana ke nan. Taraktar da birkinta ke da lafiya ba ta bukatar dutse."

Ya dube ni, ya dubi Umaru, ya ce a yi yadda Injiniya ta ce. Umaru ya gangara da dutsen gefe.

Na hau na tayar da ita don su ji ƙarar inji, na fitar da ita daga giya, na taka birki na kulle, na kashe na sauko. Ta tsaya cak. Har tafi aka yi mini. To da na tsaya nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma tafin nan ya shiga kaina. Na ce bari in nuna musu sandunan birkin a hannu, kowa ya ga inda tsatsa ke ci da inda ake ɗaure noti. Na saki makullin birkin don sandunan su yi sako-sako, na zare ƙusoshin da ke riƙe da su, na ciro ta dama, na zagaya na ciro ta hagu. Tarakta ba ta motsa ba, ni kuma ko a jikina. Na bubbuga tayarta da tafin hannu kamar mai yaba doki, na juya mata baya na fuskanci jama'a, sanda ɗaya a kowane hannu.

"Jama'a, birki shi ne ran tarakta. Duk wanda ya yi wasa da birki..."

Wani dattijo ya ɗaga hannu. Na ce, "Baba, a bari in kai aya, tambayoyi sai a ƙarshe." (Haka wani malaminmu yake yi mana, kuma na daɗe ina jiran ranar da ni ma zan faɗa.)

Hannu uku suka tashi. Sannan goma. Wasu har sun miƙe tsaye. Raina ya yi fari, na ce lallai darasi ya shiga. Na ƙara ɗaga murya: "Haƙuri dai, kowa zai samu dama!"

Sai Alhaji Bawa ya daka tsawa: "Injiniya, mota ta tahi!"

Na waiwaya. Wallahi tafiya take a hankali, cikin natsuwa, kamar tsohuwa za ta gaisuwar maƙwabta. Kafin in rufe baki ta kama gangara ta fara sauri. Umaru ya zubar da takalmansa ya bi ta, ya ɗare kujera. Jama'a suka rufa masa baya, ni ma na bi, hijabi na tashi sama, ina ihu iya ƙarfina:

"Umaru, taka birki! Ka taka birki mana!"

Ina ganinsa yana ta dukan abin takawa da ƙafa biyu, abin na faɗuwa ƙasa fakam-fakam. Ya juyo ya ƙwala mini amsa, yadda duk fadamar ta ji:

"Wane birki? Birkin na nan hannunki, Injiniya!"

Na dubi hannuwana. Ga su nan kuwa, na dama da na hagu, sai ƙyallin giris suke.

Allah ya taimake mu Umaru gwani ne. Akwai rijiya a gefe da mata biyu suna ɗiban ruwa, sai ya karkatar da sitiyari ya bi ta tsakiyar albasar Alhaji, ya kai ta cikin laka a bakin lambu. Ta nutse har rabin taya, ta tsaya. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Albasa dai ta ji jiki, an yi mata hanya biyu dogaye.

Wani makiyayi, Malam Buba, da ya tsaya kallo tun daga nesa, shi ya kawo bijimai huɗu aka ɗaura igiya. Aka ce in hau in riƙe sitiyari tunda na fi kowa rashin nauyi. Haka shanu suka ja tarakta, injiniya na zaune a sama, muka ratsa ta cikin dagargajajjiyar albasa. Idanuna suka kawo ruwa shar. Alhaji ya matso ya ce, "Kar ki yi kuka, ɗiyata." Na ce albasa ce. Ya ce, "Eh, ta bana akwai yaji." (Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, ya rufa mini asiri.)

Na so in tattara in gudu, amma ya ce ba inda za ni sai na mayar wa motarsa birkinta. Nan na durƙusa cikin laka na ɗaura sandunan, mutanen nan sun kewaye ni. Wannan karon duk wanda ya yi tambaya, a take nake amsawa. Muka gwada ta a gangaren sau uku, tana tsayawa cak. Da zan tafi Alhaji ya ce in dawo mako mai zuwa in duba taraktar ƙaninsa, ya kuma sa aka cika mini buhu da albasar da aka taka, wai ladan aiki. Mako biyu gidanmu ana cin miya mai albasa fiye da kima, Inna tana ta sa wa manoman Maiyama albarka saboda karamci. Ban gyara mata labarin ba.

Har yau in na shiga kasuwar Jega, sai in ji wani daga cikin rumfa ya ce, "Injiniya, ina birki?" In ce yana jikin mota, mu yi dariya.

Abin da na koya kuwa ba ya cikin ko ɗaya daga littattafan da na haddace. Idan kina jawabi kika ga mutum arba'in sun ɗaga hannu lokaci guda, kuma ba ke suke kallo ba, to ba daɗin bakinki ne ya kama su ba. Ki waiwaya.