Anade da Ƙwaryar Furar Inna

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata ba. Lokacin ina direban wani injiniya ɗan ƙasar Bama (wato Myanmar), Mista Tin, a wani kamfani a Rido, nan Kaduna. Kwantiragina ya kusa ƙarewa, kuma sa hannunsa kawai nake buƙata a mayar da ni ma'aikacin dindindin. Sai dabara ta zo mini (irin dabarata, wadda ba ta taɓa kai ni ko'ina ba): in gayyace shi biki Unguwar Mu'azu, in cika masa ciki, sannan in roƙe shi.

Inna ta dama fura da nono mai kauri. Ya shanye kofi yana murmushi. Ta ƙara, ya shanye. Ta sake ƙarawa. Ni kuwa har da karɓe makirfo: "Jama'a, ogana ya fi Bafulatani son nono!"

Ana kiransa fili ya taka rawa, sai na ga ya dafe ciki, zufa na zuba. Bayan gida ɗaya ne a gidanmu, ga layin mata har zaure. Haka na tsaya da babbar riga ina magiya: "Hajiya, don Allah ku bar ogana ya fara shiga!" Wayyo, dariyar ranar har yau tana kunnena.

A wani asibiti a Kakuri muka ƙare, ana ƙara masa ruwa. Ashe nono bai taɓa zama a cikinsa ba. Na ce, "Haba Oga, me ya hana ka ce a'a?"

Ya ce, "Anade." A harshensu, in ji shi, "a" ƙarfi ne, "na" kuma ciwo. Wato ƙarfinka ne ke ciwo, har ka kasa buɗe baki don kada ka ɓata wa mai kyautata maka rai. Na ce a raina, to ai wannan kara ce, mu ma muna fama da ita.

Ita ce kuwa ta kama ni. Da wane ido zan roƙi mutumin da na kwantar? Kullum in ɗauko shi, in ajiye shi, ban taɓa kawo maganar sa hannun ba, har ya koma ƙasarsu, kwantiragina kuma ya ƙare.

Yanzu Keke Napep nake ja tsakanin Narayi da Sabon Tasha, bayana duk ya gaji. Na dai koyi abu ɗaya: in kana da buƙata, faɗe ta tun kafin a kawo abinci.