Injin Tanimu a Buhu

Akwai wani mutuminmu Tanimu, mai noman rani a wajajen Kura. Bara bayan girbi ya sayar da ɗan bijiminsa, ya shigo birni sayen injin ban-ruwa, tsautsayi ya kai shi shagon wani Alhaji Nafi'u, mai baki kamar ganga. Alhaji ya dafa wani jan inji, ya ce wannan sai dai ka gaji ka bar wa jikoki, in kuwa ya mutu kafin damina, dawo da shi ka ɗauki sabo. A gaban 'yan kasuwa ya faɗa, har da rantsuwa. Da Tanimu ya ɗaga kai ya dubi bayan shagon, da ya ga kayan gyaran injin da ba ya lalacewa jibge har rufi. Amma ina! Araha ta rufe masa ido.

Ba a jima ba inji ya fara tari. Yau fulogi, gobe kafireta, jibi fistin, kuma duk garin babu mai irinsu sai Alhaji. Tanimu ya zama ɗan gida, har shayi ake zuba masa in ya zo. Shi kuwa mutumin ƙauye ba ya yar da ƙarfe. Duk abin da makaniki ya cire, sai ya jefa a tsohon buhun taki, ya tura ƙarƙashin rumbu.

Ana nan, tumatir ya yi fure, rana ta ƙwalle, inji ya ce ga garinku nan. Wallahi abin tausayi, gona tana yaushi mutum yana kallo. Tanimu ya ɗaure inji a bayan babur, ya ɗora buhun a kan tanki, sai birni.

Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, ga shi ya mutu, damina kuma ba ta zo ba. A cika alkawari."

Alhaji ya gyara hula, ya zagaya injin yana leƙe-leƙe, maƙwabta suka taru. Ya ce, "Malam Tanimu, ka ji tsoron Allah. Wannan kafiretar ba tasa ba ce. Fistin ɗin ma an canza, har igiyar tayarwa. Ni wannan ba shi na sayar maka ba."

"Haba Alhaji, ba a hannunka na saye su ɗaya bayan ɗaya ba?"

"Wannan ciniki ne daban. Alkawarina yana kan injin da ya fita daga shagon nan. Kawo shi, yanzu ka tafi da sabo."

Tanimu ya juya wajen babur. Ya je ya sauko da buhu, ya kwance bakinsa, ya zazzage a ƙofar shago. Ƙarafa suka watse har ƙarƙashin bencin Alhaji.

Ya ce, "To ga naka nan, ko noti ban rage ba."

Alhaji ya zabura ya miƙe, ya ɗaga murya. "Kai, kada ka raina mini hankali! Wannan ne inji? Wannan ai tarkacen banza ne, ko 'yan gwangwan sai sun yi tunani kafin su ɗauka!"

Tanimu ya juya ya dubi jama'a, ya ce, "Alhamdu lillahi, kun dai ji da bakinsa. Alhaji, da haka ka gaya mini ranar farko, da bijimina yana nan a turke."