Katin da Kaka Ta Ƙi Fitarwa

"Lafiya ƙalau, ya kasuwa?" in ji Dogo, amma idonsa ba ya kan dillalin, yana kan motar. Baƙar jif ce mai faɗawa kwazazzabo ta fito, tayarta ta kusa kai masa ƙugu. Kakarsa, tsohuwar nan maƙwabciyarmu, ita za ta saya, don duk damina ruwa kan raba ta da gonarta ta bayan rafi. Shi kuwa tun a gida ya naɗa kansa direba.

Dillali ya ce, "Iya, sai katin shaidarki. Ba ma rubuta mota da sunan wanda ba mu tantance ba."

Kaka ta dafe lalitarta, ta harari Dogo. "A gaban wannan? Bakinsa rariya ne. Kafin mu isa gida unguwa ta haddace shekaruna."

"Haba matata, wa zai iya ƙirga su? Ai ke kika yi renon dutsen bayan gari."

"Dutsen na rena ya zauna lafiya, kai na rena ka tashi da baki. Miji sai tsawo kamar falwaya, babu wuta."

Dogo ya zaro katinsa. "To a rubuta da sunana, asirinki a rufe."

"In ba kura ajiyar nama?"

Dillali ya ce, "Hoton katin kawai za mu ɗauka mu adana, ba mai gani sai hukuma. Ko lasin tuƙi ne ya wadatar."

Dogo ya riƙe ciki don dariya. "Lasin? Wadda ko jaki sai an ɗora ta?"

Kaka ta dube shi sama da ƙasa. Ta kwance lalita a hankali, ta miƙa wani kati. Dillalin ya karanta, ya sake karantawa, sai ya miƙe tsaye.

"Iya, wannan ai na manyan motoci ne."

"Tifa na ja, tun uwarsa tana goye. Kuma ban taɓa barin lasin ya mutu ba."

Ta karɓi makulli, ta ɗare kujera ba mai tallafa mata. Ta hau da motar tudun gwajin da ke bayan filin, ta sauko da baya, hannu ɗaya a sitiyari, ta tsaya daidai yatsun ƙafar Dogo. Bakinsa a buɗe, har ƙuda ya leƙa ya fito.

"Kaka... me ya sa kika ɓoye mana?"

"Yau kuma Kaka ce, ba matarka ba? Don kar ku mai da ni 'yar aike. Kaka kai ni kasuwa, Kaka ɗauko yara. Ka ga shekarun?"

"Wallahi na manta ban duba ba."

Ta ɗauko tsumman goge gilashi ta wurga masa. "Ungo tukuici. In ka riƙe bakinka, na ɗauke ka yaron mota."

Dogo ya cafe yana dariya, ya soma goge madubi. "A wanke ta kafin mu tashi, ranki ya daɗe, ko sai mun dawo?"