Gwabzawar Mudassiru da Lambar Sirri a Kan Tankin Kifi

Da sunan Allah muke farawa, sannan mu gyara zama mu gyara murya, domin za a ambaci wanda ba a ambatonsa a kishingiɗe. Shi ne Mudassiru ɗan Lawandi mai gyaran rediyo, ɗan Tanimu mai gyaran agogo, ɗan Jatau mai gyaran fitilar ƙwai, zuriyar da tun kaka da kakanni ba a taɓa kawo musu abin da ya lalace suka ce ba su iya ba, ko da kuwa ba su iya ɗin ba. Sadaukin sadaukai, Barden Kwamfuta, Garkuwan Firinta, Kashe-ka-sake-kunnawa mai maganin kowace cuta, namijin da ya rarrafa ƙarƙashin teburan manya ya fito da yanar gizo-gizo a hula bai ji kunyar kowa ba! Shi ne shugaban sashen kwamfuta na kamfanin Alhaji Badamasi Mai Riɗi a Kano, shi ne mataimakin shugaban, shi ne kuma wanda ake ƙwala wa kira idan fankar ofis ta tsaya.

Amma ba'adu, masu riwaya sun yi ittifaƙi cewa gwarzon nan ya yi shekara da shekaru bai ɗanɗani hutu ba, domin duk ranar da ya ɗaura niyya sai wata na'ura ta kwanta ciwo. Da Allah ya nufa, Alhaji ya amince masa da hutu, uwargida ta haɗa jaka, aka aika wa Inna a Malumfashi cewa autanta na tafe, ita kuwa ta sa aka nemo kuka da daddawa da man shanu. Saura kwana guda a kama hanya.

To, a wannan safiya ce musiba ta sauko daga gajimare. Kamfanin Zumunta Tek, dillalan manhajar da ke bai wa kowace mota izinin fita daga sito, suka wayi gari suka sabunta ta ba sallama ba sanarwa, wai don ƙarin tsaron abokan hulɗa. Manhaja ta kori kowa waje, ta rufe ƙofa, ta ce ba mai shiga sai da lambar sirrin da ta tura wa wata waya. Wace waya? Oho! Tireloli maƙare da riɗi suka yi sahu a bakin get, direbobi suka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashinsu suna zagin wanda ya ƙirƙiro kwamfuta. Alhaji ya leƙo ofishin gwarzo ya yi magana a taƙaice, irin ta masu dukiya: "Injiniya, motocin nan ba su fita ba, kai ma ba inda za ka."

Nan Barde ya miƙe, ya ɗaura ɗamarar katin shaida a wuya, ya zare waya daga kube, ya auka wa rundunar Zumunta Tek shi kaɗai tilo. Wayyo, wannan filin daga! Aka ce ya danna ɗaya, ya danna, aka ce ya danna tara, ya danna, aka sako masa wani kiɗa mai sa barci, wata murya mai sanyi tana ta rantse masa cewa kiransa na da muhimmanci a gare su. Ya yi sabati kamar dutse har kunnensa ya yi gumi. Daga ƙarshe wani jarumi daga cikinsu ya fito mubaraza, wato karon gaba da gaba, ya saurari koken, ya ce abu ne mai sauƙi, sai a sauya lambar wayar. "Madalla! Sauya ta," in ji gwarzo. Jarumin ya ce ai kafin a sauya sai an shigar da lambar sirrin da za a tura wa tsohuwar wayar. Sannan ya buɗe masa tikitin ƙorafi, ya yi masa fatan alheri, ya tambaye shi ko ya gamsu da hidimarsu.

Da bincike ya yi bincike, aka gano wayar ta Malam Iliyasu ce, wanda ya riƙe kujerar kafin Mudassiru, ya yi rajistar manhajar da layinsa na kansa, daga baya ya gaji da duniya da abin da ke cikinta ya koma bayan gari yana kiwon tarwaɗa. Gwarzo ya kira shi, ya gaishe shi gaisuwar almajiri ga malaminsa, ya roƙi a karanto masa lambar. Dattijo ya ce, "Mudassiru, in ma kai ne. Ni na koya maka ba a faɗar lamba a waya, ko wa ya kira. In kana so, tako da ƙafarka." Ƙit, ya kashe. Gwarzo ya ɗaga kai, sai idonsa ya sauka kan wannan gargaɗin dai, manne a bangon ofis, da sa hannunsa shi kansa. Takaici ya cika shi har wuya.

Sai ya rataya kwamfutar tafi-da-gidanka a kafaɗa, ya haye ingarman acaɓa, ya keta cunkoso da ramuka da kwatami, yana kururuwar yaƙi: "Malam, ƙara wuta!" Suka isa gonar kifi rana na tsaka, inda ya tarar da fitina ta biyu, wato babu sabis ɗin intanet a faɗin gonar nan kaf sai a ƙololuwar ƙarfen da aka ɗora tankin ruwa. Bai ja da baya ba. Ya karɓi 'yar wayar Malam Iliyasu mai tocila ya cije ta a baki, ya kama tsani mai tsatsa ya hau, dubban tarwaɗa na ƙasa sun wangame baki suna jiran abin da zai faɗo. Takalminsa na hagu ya yi shahada a wannan hawan, Allah ya ji ƙansa.

A can sama aka yi gumurzun da ba a taɓa gani ba. Lamba ta iso, kafin ya gama dannawa ta mutu. Ya nemi wata, manhaja ta dube shi, shi jikan Tanimu, tattaɓa-kunnen Jatau, ta ce ya tabbatar mata shi ba mutum-mutumi ba ne, ya nuna mata hotunan da ke da keke a ciki. Ya haɗiye wannan cin mutunci, ya nuna kekuna. Ta ce ya nuna gadoji. Ya nuna gadoji. Da lamba ta sake isowa sai ya daka wa manhajar tsawa, "Yau ko ni ko ke!" ya zuba mata yatsu kamar ruwan ƙanƙara, ƙofa ta buɗe. Allahu Akbar! Kafin ya share gumi, labari ya iso cewa tirelar farko ta fice daga get tana hon.

Sai manhaja ta rusuna cikin ladabin wanda aka ci da yaƙi, ta nemi sabuwar lambar wayar da za ta riƙa tura wa saƙo. Wayar ofis ta mutu tun zamanin da. Lambar Alhaji kuwa, wa ya isa ya sa a riƙa damun Alhaji? Cikin mayen nasara, gwarzo ya rubuta tasa. Da ya sauko ya ba da labari, Malam Iliyasu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rungume shi, ya sa aka ɗaure masa manyan tarwaɗa a leda, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ɗana." Mudassiru ya ɗauka don takalmin ne.

Washegari aka shiga Malumfashi da ganima. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na narkewa a kai. Barde ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanko loma, sai waya ta yi ƙara a aljihu. Mai gadin get ne: "Oga, sannu da hutawa, wai ta turo maka lamba, karanto mana." Ashe sabon tsaron ba na rana ɗaya ba ne, duk wanda zai shiga manhajar, duk lokacin da zai shiga, sai an turo. Garkuwan Firinta ya tuna gargaɗin da ke bangon ofis, ya tuna tsanin nan mai tsatsa, ya rage murya ya karanto. Bayan mai gadi sai magatakardan sito, bayansa sai akawu, sai kuma mai gadin, wai ta mutu kafin ya gama dannawa.

Inna ta zuba masa ido har miya ta yi sanyi. Ta jawo faifai ta rufe kwanon, ta ce, "Auta, in ka tashi daga aiki ka yi magana a ɗumama maka."